TAA, tallafin ma'aikatan masana'anta a Amurka: shiri ne mai kyau amma ƙofar shigarsa ta yi ƙunci

Salamu alaikum 'yan uwa. Tunda tambaya a kan tallafin waɗanda suka rasa aikin masana'anta ta yi yawa, musamman daga mutanenmu da ke aikin kamfani a nan Amurka, bari in zauna in faɗi ra'ayina a kan shirin nan da ake ce wa TAA, wanda gwamnatin tarayya ta yi saboda ma'aikatan da suka rasa aiki don kayan waje sun cika kasuwa, ko kuma kamfaninsu ya kwashe injina ya koma wata ƙasa. Ni na shiga shirin, na yi karatu a ƙarƙashinsa, na fito da sana'ar da nake ci da iyalina da ita yanzu, don haka ba labarin an ce ka ce zan ba ku ba. In maki za a ce in bayar, abin da yake ba ka bayan ka shiga zan ba shi huɗu cikin biyar ba tare da wani tunani ba, amma yadda ake tantance wa ya cancanta wa bai cancanta ba, wannan kam biyu ma da ƙyar.

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani kafin ya sa rai, tun ranar 1 ga Yuli 2022 Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ta daina karɓar sabon koke a ƙarƙashin shirin, saboda wa'adin dokar ya ƙare kuma majalisa ba ta sabunta ba har zuwa lokacin da nake wannan rubutun. Amma ba a rufe shi gaba ɗaya ba. Duk wanda kamfaninsu ya riga ya samu amincewa, kuma an sallame shi a ranar 30 ga Yuni 2022 ko kafin nan, yana iya zama har yanzu yana da haƙƙi, musamman kuɗin karatu, kuma wallahi akwai mutanenmu da yawa da ke cikin wannan layin ba su ma sani ba, suna can suna tuƙin Uber dare da rana alhali akwai kuɗin makaranta da sunansu. Su nake so wannan rubutun ya kai wa.

Ni a jihar Arewacin Karolina nake, inda 'yan Nijar ke da yawa sosai, ga kuma mu 'yan Najeriya da 'yan Gana jefi-jefi. Jiha ce da aka san ta da masaƙu da kamfanonin kujeru da gadaje, kuma tana cikin waɗanda suka fi shan wuya bayan Chaina ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a Disamba 2001. A 2003 kamfanin Pillowtex na garin Kannapolis ya rufe, mutum kusan 4,800 suka rasa aiki a jihar lokaci guda. A ƙarshen 2017 masaƙar White Oak ta Greensboro, wadda ke saƙa yadin jins tun 1905, ita ma ta tsaya. Namu kamfanin ƙarami ne, yadin da ake rufe kujeru muke yi, ba zan kama sunansa ba. Masu sayen kayanmu suka fara kawo nasu daga Chaina da Biyetnam, aka fara rage obataim, aka soke shif ɗin dare, sai a 2019 aka tara mu aka ce an gama. Sun ba mu notis na kwana 60 kamar yadda doka ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 100 zuwa sama, daga nan kuma kowa tasa ta fisshe shi.

To ga inda mutane suka fi ruɗewa. TAA ba kamar kuɗin rashin aiki ba ne da za ka cike fom kai kaɗai a ba ka. Hawa biyu ne. Hawa na farko na gungu ne, wato sai gwamnati ta yarda cewa ku ma'aikatan wannan kamfanin, a wannan wurin, cinikin ƙasa da ƙasa ne ya raba ku da aikinku. Kafin Yuli 2022 ana shigar da takardar koke zuwa ofishin shirin da ke Washinton, ma'aikata uku za su iya sa hannu a lokacinmu, daga 2020 aka mayar da shi biyu, ko ƙungiyar ƙwadago, ko shi kamfanin da kansa, ko ofishin aiki na jiha. Kyauta ne, ba lauya ba komai, kuma fom ɗin gajere ne. Sai dai dole a shigar cikin shekara ɗaya da sallamarka, in ta wuce to kai ba ka ciki. Doka ta ce a gama bincike cikin kwana 40, amma a aikace yakan ɗauki fiye da haka, namu ma ya ɗauka, kuma a wannan zaman jiran ne mutane da yawa suka fid da rai suka kama duk aikin da suka samu.

Me suke bincika? Suna so su ga cewa an sallami kaso mai yawa na ma'aikata, ciniki ko abin da ake ƙerawa ya ragu, shigowar irin wannan kayan daga waje ta ƙaru, kuma wannan ƙaruwar ta taka muhimmiyar rawa wajen sallamar. Ko kuma kamfanin ya mayar da aikin wata ƙasa kamar Meksiko. Har kwastomomin kamfanin suke tuntuɓa su tambaye su ko sun koma sayen na waje. Akwai kuma waɗanda abin ya shafa a kaikaice, misali ku kuna yi wa wani babban kamfani zare ko kwali ko wani sashe na inji, shi ya samu amincewa ya rufe, ku ma kuka durƙushe saboda shi, to ku ma za ku iya shiga. In aka amince, amincewar tana rufe duk wanda aka sallama daga shekara ɗaya kafin ranar koken har zuwa shekara biyu bayan ranar amincewa. Ana ba ku lamba mai farawa da TA-W, wannan lambar ku riƙe ta da kyau don ita ce ke nuna wace doka ce ke aiki a kanku.

Nan ne ƙorafina na farko kuma mafi girma. Wani abokina ɗan Damagaram, maƙwabcina ne, kamfaninsu ya rufe kusan lokaci ɗaya da namu, amma su wata jiha aka mayar da aikin a cikin Amurka, ba waje ba. Shi bai samu komai na TAA ba. Kuɗin haya ɗaya muke biya, yaransa sun fi nawa yawa, shekarun da ya yi a gaban inji sun fi nawa, amma ni aka biya mini makaranta shi aka ce ya yi haƙuri. Haka wanda sabon inji ya maye gurbinsa, shi ma ba ya ciki. Na fahimci hujjar gwamnati, tun 1962 da shugaba Kennedy ya sa hannu a dokar farko maganar ita ce in ƙasa ta buɗe kasuwarta don kowa ya samu kaya da araha, to waɗanda suka biya farashin wannan arahar da aikinsu a taimaka musu. Hujja ce mai kyau kuma na yarda da ita. Amma ma'aikacin da ke tsaye a layin inji ba shi ya zaɓi dalilin da za a sallame shi ba, kuma sau da yawa dalilan a cakuɗe suke, kamfani yakan kawo sabon inji ne don ya iya gasa da kayan waje. Wannan ƙuncin ba sabo ba ne ma, daga 1962 har zuwa 1969 ba a amince da koken ma'aikata ko ɗaya ba, sai da aka sake dokar a 1974 aka sassauta sharuɗɗa sannan shirin ya fara kai wa ga mutane da gaske.

Wani abu da ya shafi mutanenmu kai tsaye shi ne aikin ejansi. Da yawanmu ba kamfani ne ya ɗauke mu ba, ejansi ce ta tura mu, cek ɗinmu ma sunan ejansi ne a kai. Ma'aikatan ejansi suna iya shiga cikin amincewar in a wurin suke aiki ƙarƙashin kamfanin, amma ka tabbatar an ambace ku a takardar. In ba a ambata ba ana iya neman a gyara takardar a ƙara ku, kuma wannan neman gyaran yana cikin abin da ma'aikatar ta ce za ta ci gaba da dubawa ko bayan 2022. A kamfaninmu sai da aka yi wannan gyaran sannan wasu mata 'yan uwanmu da ke sashen duba yadi suka shiga.

Hawa na biyu naka ne kai kaɗai. Bayan an amince da gungu, jiha za ta aiko maka da wasiƙa, ka je ofishin neman aiki mafi kusa, irin waɗanda ake kira American Job Center, kowace jiha da sunan da take ba nata. Don Allah duk wanda ya canza gida ya sanar, wasiƙu da yawa tsohon adireshi suke tafiya. Sai kana da izinin aiki a ƙasar, ba sai ɗan ƙasa ba, mai girin kad yana ciki. Don ka samu kuɗin mako-mako da ake kira TRA, sai ka yi aƙalla mako 26 a kamfanin cikin mako 52 na ƙarshe kana samun dala 30 ko fiye a mako, sai an sallame ka saboda rashin aiki ba don laifi ko kai ka ajiye ba, sai ka cancanci kuɗin rashin aiki na jiha kuma ka cinye shi, sannan sai ka yi rajistar karatu kafin wa'adi. Wannan maganar ta kar ka ajiye aiki da kanka tana da muhimmanci, akwai waɗanda suka ji ƙishin-ƙishin za a rufe suka yi sauri suka bar aikin saura 'yan makonni, suka koma sito suna ɗaukar kaya, daga baya suka zo neman shiga aka ce su ba sallamarsu aka yi ba.

Wa'adin rajistar karatu shi ne ya fi kayar da mutane. A dokar 2015 da ta yi aiki a kanmu, mako 26 ne daga ranar sallama ko ranar amincewa, duk wadda ta zo daga baya. Waɗanda aka shigar da kokensu daga 1 ga Yuli 2021, masu lamba 98,000 zuwa sama, su tsohuwar doka aka dawo musu da ita, mako 8 bayan amincewa ko mako 16 bayan sallama, kuma masu ƙera kaya kawai, an cire masu aikin hidima irin na amsa waya. Ku duba fa, mutum an sallame shi, hankalinsa a tashe, Turancinsa ba wani mai ƙarfi ba, an ce cikin wannan ɗan lokacin ya zaɓi sana'ar da zai yi sauran rayuwarsa, ya samu makaranta, ta karɓe shi, a amince da tsarin. Wata baiwar Allah da muke kira Yaya, babbar mace ce mai kirki, mahaifiyarta ta kwanta ciwo ta tafi gida Maraɗi ta yi jinya, ko da ta dawo wa'adi ya wuce. Akwai ƙarin kwana 45 da ake iya bayarwa in da uzuri, amma ita ta wuce har wannan. Da na raka ta ofis na ce mata, Yaya ki yi haƙuri kuɗin mako ne ya tafi, na makaranta yana nan, sai ta ce ƙanena to in ina makaranta wa zai biya haya? Ban da amsar da zan ba ta. Ta koma aikin kula da tsofaffi, har yau shi take yi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ba shi huɗu cikin biyar, don gaskiya abin yabo ne. Karatun kyauta ne gaba ɗaya. Kuɗin makaranta, littattafai, kayan aiki da kwas ɗin ya wajabta, kuɗin jarrabawar satifiket, in makarantar ta yi nisa fiye da ƙima har kuɗin mota ana bayarwa. Ba bashi ba ne, ba za ka biya ko sisi ba, kuma mu da muke gudun bashin karatu saboda kuɗin ruwa kun san girman wannan. Ana iya biya maka har mako 130 na karatu, wato ya isa mutum ya yi digirin shekara biyu a kwalejin gari. In Turancinka ne matsala ko ba ka da takardar sakandaren da suka yarda da ita, ajin Turanci da na GED, wato takardar da ke madadin ta sakandare, suna cikin abin da ake biya. Ni gyaran na'urar sanyaya ɗaki da ta ɗumama gida na karanta, na fito da satifiket, kuma albashina yanzu ya fi na masaƙa, alhamdu lillahi. Sana'a ce da ba za a iya ɗauka a kai Biyetnam ba, in esi ta lalace a gidan mutum a watan Yuli dole wanda ke garin ne zai zo, kuma da wannan tunanin na zaɓe ta.

Kafin su amince da kwas akwai sharuɗɗa shida da suke bi, amma zuciyarsu ita ce: babu aikin da ya dace da kai a yanzu, wato mai irin ƙwarewarka da ke biyan aƙalla kashi 80 cikin 100 na tsohon albashinka, sannan akwai kyakkyawan zaton za ka samu aiki bayan karatun, za ka iya karatun, kuma kuɗinsa bai wuce hankali ba. Saboda haka kar ka je ka ce kawai ina son in yi kaza, ka je da tallan guraben aiki na wannan sana'ar a yankinku, ka buga su a takarda, yana saurin sa a yarda. Matar da ta riƙe fayil ɗina Allah ya saka mata, ta zauna da ni ta bi komai dalla-dalla, ita ta nuna mini cewa kwas ɗin da na fara so gajere ne kuma kasuwarsa ta cika, ta kira kwalejin a gabana ta tambayi ranar fara zango don kar wa'adi ya kufce mini. Amma na ga wasu da suka faɗa hannun wanda bai san shirin sosai ba, don ba kowane ma'aikacin ofis ne ya ƙware a TAA ba, aka yi ta juya su. In ka je ka ce kai tsaye kana son ganin mai kula da TAA, ka ba da lambar TA-W ɗinku.

Kuɗin mako kuma, jimilla yana iya kaiwa mako 130 in aka haɗa da na rashin aiki: 52 na farko, ƙarin 65 in kana cikin karatu, da 13 na ƙarshe don ka ƙarasa. Adadin daidai yake da kuɗin rashin aikin jiharku, kuma nan ne jiha ke da tasiri sosai. A tamu jihar a lokacin mafi yawan abin da za a ba ka dala 350 ne a mako, ko da kuwa kana ɗaukar ninkin haka a da, kuma na jiha mako 12 kawai yake yi. Wanda ke wata jihar mai biyan da yawa, shiri ɗaya muke ciki amma ba rayuwa ɗaya muke yi ba. Dala 350 ga mai iyali, ga haya ga inshorar mota ga 'yan gida suna jiran ɗan abin da ka saba turawa duk wata, ba ta isa, ba zan ɓoye muku ba. Matata ce ta ƙara awannin aikinta, muka rage komai, na kira gida na yi musu bayani cewa za su ji ni shiru na ɗan lokaci. Kuma ana cire haraji a kansa, gara ka ce a riƙa cirewa tun farko da ka zo ƙarshen shekara ka ga bashi. Dole karatun ya zama na cikakken lokaci, ana sa hannu a takardar halarta, ana duba makinka lokaci-lokaci, in hutu ya wuce kwana 30 ba a biyan ka na wannan hutun. Mai niyyar Hajji ko zuwa gida biki ya lissafa wannan da kyau, ya yi magana da mai fayil ɗinsa kafin ya yanki tikiti.

Akwai tsoron da ya hana wasu zuwa ma gaba ɗaya, wai karɓar kuɗin gwamnati zai ɓata musu takardu in sun zo neman zama 'yan ƙasa. Kuɗin rashin aiki ba ya cikin jerin abubuwan da ake lissafawa a wannan babin a lokacin da muka karɓa, don haƙƙi ne da aikinka ya jawo maka. Dokokin shige da fice suna canzawa, mai shakka ya tambayi lauya, amma kar ya zauna a kan maganar majalisar shayi.

Ga dattawa kuma a lokacinmu da akwai wani tsari daban da na ga ya yi amfani ƙwarai. Wanda ya kai shekara 50, in ya samu sabon aiki mai albashi ƙasa da na da, kuma sabon bai wuce dala 50,000 a shekara ba, ana biyan shi rabin bambancin har shekara biyu, iyaka dala 10,000. Misali da kana samun 40,000 yanzu 30,000, bambanci 10,000, za a ba ka 5,000 a shekara. Wani dattijo da muka yi aiki tare shi wannan ya zaɓa. Na ce masa Baba Alhaji me zai hana ka zo mu yi makarantar nan tare, ya ce ɗana ni yanzu in zauna a aji da sa'o'in jikokina ina koyon lissafi, bar ni in kama gadin nan su cika mini. Kuma ya yi daidai, ba kowa karatu zai yi wa amfani ba, shiri mai hankali shi ne wanda ya san da haka. Ƙorafina kawai shi ne iyakar 50,000 da 10,000 ɗin sun daɗe ba a taɓa su ba alhali kayan masarufi sun yi sama. Akwai kuma kuɗin neman aiki a wani gari da na ƙaura, ana biyan kashi 90 cikin 100, na neman aikin iyakarsa dala 1,250. Da akwai taimakon inshorar lafiya da ke ɗauke kashi 72.5 cikin 100 na kuɗin wata, ya taimake ni sosai lokacin korona, amma shi ya ƙare tun ƙarshen 2021.

Na san akwai masu cewa shirin ɓarnar kuɗi ne, kuma ba da ka suke magana ba. Binciken da kamfanin Mathematica ya yi wa Ma'aikatar Ƙwadago a 2012 ya nuna cewa a cikin shekara huɗu na farko waɗanda suka shiga shirin ba su kai takwarorinsu samun kuɗi ba, kuma kusan kashi 37 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka koyi sana'a suka samu aiki a fannin da suka koya. Amma wani masanin tattalin arziki, Benjamin Hyman, da ya bi mutane tsawon shekara goma, ya samu cewa waɗanda suka amfana sun tara kimanin dala 50,000 fiye da waɗanda aka hana. Ni duka biyun na gan su da idona. Shekarun karatu kana baya, wanda ya kama aikin sito tun farko ya fi ka kuɗi a aljihu, sai daga baya ka wuce shi. Kuma wanda ya zaɓi kwas don kawai kuɗin mako ya ci gaba da shigowa, ba don yana son sana'ar ba, shi ne yake ƙarewa da satifiket a cikin akwati.

Abin da ya sa nake jin zafin rufe shirin nan har raina, ni ɗan Kaduna ne, a kusa da Kakuri na tashi. Mun ga lokacin da jiniyar masaƙa ke tashin unguwa, mun kuma ga lokacin da ta yi shiru. Masaƙar KTL da aka kafa a 1957 zamanin Sardauna ta rufe a 2002, Arewa Textiles ta bi, masaƙar UNTL ta tsaya a 2007, atamfar waje ta fasa-ƙwauri ta cika Kantin Kwari, ga rashin wuta ga tsadar baƙin mai. Tsofaffin ma'aikata sun yi shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Gwamnati ta ware naira biliyan 100 ta Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu, amma wannan rance ne ga kamfanoni, ba wanda ya kira ma'aikaci ya ce zo mu koya maka wata sana'a mu riƙe ka har ka gama. Kawuna yana cikin waɗanda abin ya shafa a ɗaya daga cikin masaƙun, ƙwararren mai gyaran inji, ya ƙare yana acaɓa da furfurarsa. Ciwo ɗaya ne ya same mu ni da shi, ni na samu magani shi bai samu ba, shi ya sa da na ga Amurka da kanta ta bar nata shirin ya mutu, shirin da ya taimaki mutum sama da miliyan 5 tun 1974, a daidai lokacin da 'yan siyasar kowane ɓangare ke rantsuwa da sunan ma'aikacin masana'anta, abin ya ba ni takaici matuƙa. Wani yaro ɗan Kumasi da nake koya wa aiki yanzu, a watan Agusta 2022 aka sallame su, kamfaninsu Meksiko ya koma ƙarara kowa ya sani, amma saboda ya faɗo bayan ranar da aka rufe bai samu komai ba.

To wa nake ba shawarar ya je? Duk wanda aka sallama daga masana'anta kafin Yuli 2022, ko da ya daɗe, ko da yana wani aikin yanzu. Ka shiga shafin Ma'aikatar Ƙwadago na intanet, akwai wurin binciken koke, ka sa sunan kamfanin da garin, in ka ga an amince kuma ranar sallamarka ta faɗa cikin wa'adin, ka ɗauki lambar ka nufi ofis. Kuɗin mako mai yiwuwa ya wuce ka, amma haƙƙin karatu sau ɗaya ne ga kowace amincewa, in ba ka taɓa amfani da shi ba ka tambaya, sai dai za su duba ko aikin da kake yi yanzu ya kai wancan kashi 80 ɗin. Ka tafi da takardar sallama, tsofaffin takardun albashi, girin kad ko izinin aiki, katin soshiyal (Social Security), da takardun makarantarka na gida ko da na WAEC ne.

Wanda kuma aka sallama bayan nan, TAA ba taka ba ce a yanzu, kar wani ya karɓi kuɗinka ya ce zai shigar da kai. Ka nemi kuɗin rashin aiki a makon da aka sallame ka, kar ka jira, sannan a wannan ofishin dai ka tambayi shirin WIOA na waɗanda suka rasa aiki, shi ba ruwansa da ko kayan waje ne suka jawo ko inji. Yana biyan kuɗin kwas, sai dai bai kai TAA yawa ba, kuɗinsa yakan ƙare kafin shekara ta ƙare, kuma ba ya ba ka kuɗin mako na dogon lokaci, don haka gajerun kwas irin na tuƙin babbar mota ko walda ko aikin asibiti sun fi dacewa da shi. Maza da suka shigo ƙasar kafin su cika shekara 26 za a tambaye su shaidar rajistar Selective Service, wato rajistar da ake yi wa maza ko da za a buƙace su aikin soja, wanda bai yi ba ya fara warware wannan tun kafin ya je don yana iya tsayar da fayil ɗin gaba ɗaya.